Ku Taɓa Nan

“Tsaya cak, comadre, ko in soke ki,” in ji Nicolasa, allura a bakinta.

Edelmira ta tsaya da hannuwa a sama, tana kallon kwanon rufin ɗakin. Shuɗiyar rigar nan ce a jikinta, wadda 'yarta Damaris ta aiko mata daga Chile. Ita kaɗai ce ta fita kunya a cikin kayanta, kuma ita take sawa duk ranar da aka gayyace ta makarantar koyon likitanci. Tun wajen Kirsimeti rigar ta fara yi mata yawa. Nicolasa maƙwabciyarta ce, tela, ita ce kuma ta riƙe Damaris ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre. Ta rage rigar, ta sake ragewa, yau ga shi da sassafe tana ƙara kama ta daga gefe.

“Wai ina naman yake zuwa ne? Ko wani tsoho kika samu a coci ya hana ki cin abinci?”

“Ki yanke yadin kawai ki huta da wannan kame-kamen.”

“Ba zan yanke ba. Ta ciki zan ninke shi. Ranar da ƙibarki ta dawo sai in warware, kar ki zo kina cewa na lalata miki rigar Chile.”

Idon Nicolasa ya yi yana tun tuni, da yatsu take aikinta. Tana cikin shafa ɗinkin yatsun suka bi ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, suka tsaya. Ta cire allurar daga baki.

“Yana nan ashe.”

“Ina zai je? Ƙaruwa ma ya yi.”

“To ki saurare ni da kyau. Yau a tsakiyar likitoci za ki wuni, manyansu da ƙananansu. Kafin ki buɗe baki ki ba su labarin ƙauyenku San Cirilo, ki kamo hannun ɗaya ki ɗora a nan. In sun tsaya yi miki noƙe-noƙe, ki ɗage rigar a gabansu.”

“Da yara maza a wurin?”

“Me za su gani wanda ba su gani a littafi ba? Ke dai kar ki dawo min gidan nan ba a taɓa ki ba.”

Abin da Edelmira take so ke nan, kuma bai wuce nan ba: likita ya sa hannu a wurin. Wani abu ne mai tauri kamar ɗanyen mangwaro, ya zauna mata a ƙarƙashin haƙarƙari. Abinci ya fita daga ranta gaba ɗaya. Jikinta yana ƙaiƙayi har ta yi wa cinyoyinta sawun farce, fitsarinta ya koma kalar gahawa. Kwanakin nan kuma, in ta fito da madubi bakin ƙofa, sai ta ga farin idonta ya yi rawaya.

Ba zama ta yi da ciwon ba. Ta je ƙaramin asibitin unguwa, bayan ta sha jiran a ba ta rana. Likitan farko yana rubuta sunanta a kwamfuta ya ga tana cikin waɗanda yaƙi ya koro daga ƙauyuka. Nan take fuskarsa ta yi laushi, muryarsa ta sauka, hannunsa kuwa bai bar kan tebur ba. Ya tambaye ta barci, ya tambaye ta mafarki, ya ba ta maganin ƙwannafi da na barci. Da ta koma, sai ta tarar da wata matashiyar likita wadda ta taɓa zama a aji ta ji labarinta lokacin tana ɗaliba. Yarinyar ta riƙe mata hannu biyu, idonta ya kawo ruwa, ta ce har yau ba ta iya cin farfesun kaza ba ta tuna da ita ba. Sannan ta rubuta mata magungunan nan dai na farko.

Ba mugaye ba ne. Da mugaye ne da ta san yadda za ta yi da su, domin ta ga mugaye da idonta, ta dafa musu abinci ma. Waɗannan tausayinta suke ji, kuma da zarar tausayin ya shigo ɗakin, sai a manta tana da hanta da hanji kamar kowa.

Bas ɗin ya cika maƙil. Saura kwana kaɗan a fara bikin Carnaval, birnin Barranquilla duk ya ɗauki kiɗa, direban ya ƙure rediyo yana buga sitiyari da yatsu. Edelmira ta samu gefen taga, ta dafe wurin ciwon da jakarta saboda ramukan hanya. Bikin nan kullum a watan da masu bindiga suka shiga San Cirilo yake faɗowa. Gari na rawa, ita tana ƙirga mutanenta. Amma yau ba su take tunani ba, Allah ya yafe mata. Magana ɗaya take ta maimaitawa a zuci kamar ɗan makaranta: Likita, ina so ki taɓa nan.

Likita Yadira Buelvas ta tarye ta a barandar bene na biyu, da waya a kunne da takardu a hammata. Likitar ƙwaƙwalwa ce. Shekarun baya ita ta tsinci Edelmira a zauren wata coci da aka tara 'yan gudun hijira, lokacin Edelmira ba ta magana da kowa. Ta zauna kusa da ita mako bayan mako ba ta matsa mata ba, har ranar da bakin ya buɗe da kansa. Ita ce mutum ta farko da ta ji labarin daga farko har ƙarshe ba ta ce a yi haƙuri ba. Edelmira tana ƙaunarta, wannan kuma shi ya sa maganar ta fi nauyi a baki.

“Doña Edelmira, sannu da hanya. Kai, kin rame.”

“Shi nake so in gaya miki, Likita. Akwai wani abu a nan...”

“Watan ne ya kama, ko? Na sani. Duk shekara haka jikinki yake yi. Kina samun barci?”

“Ba maganar barci ba ce. Abu ne mai tauri, ana jin sa da hannu.”

“Da an tashi za mu zauna, ni da ke, na yi miki alkawari.” Ta matse mata kafaɗa, idonta na can ƙarshen barandar inda wasu Turawa biyu suke tsaye. “Kin ga baƙin nan? Daga jami'ar da muke binciken tare suka zo. Sun karanta labarinki a yarensu, yau suna so su ji shi daga bakinki. Duk abin da muka gano, cewa ɗaliban da suka zauna a ɗakin nan sun fi sauraren marasa lafiya, ke ce tushensa.”

Edelmira ta ce to. Me za ta ce?

An shirya ɗakin yadda aka saba. An jera kujeru a da'ira, an ja labule masu kauri, an kashe fitilun sama. Fitila ɗaya ce a lungu mai ba da haske ja-ja, sai kyandir a ƙasa a tsakiya. A bakin ƙofa akwai kwando. Kowane ɗalibi ya shigo sai ya cire farar rigarsa ya rataye, ya ajiye wayarsa da abin sauraren ƙirji a cikin kwandon. Edelmira ta bi kwandon da kallo yana cika.

Likita Yadira ta tsaya ta karanto dokokin ɗakin, waɗanda ita ta kafa su, kuma ba don banza ba. An taɓa samun ɗalibin da ya rungumi wani dattijo ta baya don tausayi, dattijon ya faɗi ƙasa yana ihu yana kare kansa, bai sake dawowa ba.

“A ɗakin nan babu likita,” in ji ta. “Wadda ke gabanku ba majiyyaciya ba ce, malamarku ce. Ba a katse ta, ba a yi mata tambaya, ba a rubutu. Ba a taɓa ta, ko da riƙe hannu ne. Kar ku nemi abin da za ku gyara. Ku kalle ta cikin ido, ku saurara.”

Suka kalle ta cikin ido, su wajen arba'in, a cikin wannan duhu-duhun.

Ta fara daga inda take farawa kullum, ranar Asabar da ake lodin doya a bakin kasuwar San Cirilo. Masu bindiga suka shigo da hantsi, tare da wani da ya rufe fuskarsa, aikinsa nuni da yatsa. Ya nuna gidansu. Aka fito da mijinta Evaristo da ɗanta Wilfrido, wanda ko aski a haɓa bai fara ba, aka harbe su a tsakar gida, gindin bishiyar lemo. Damaris tana ƙarama, ta tura ta ɗakin ajiya bayan buhuna, ta ce ko numfashi kar ta yi da ƙarfi. Sai shugabansu ya ce yaransa suna jin yunwa, ya nuna kajinta. Ta kama, ta yanka, ta fige. Ta fere rogo da doya, ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ƙafar Wilfrido tana nan inda za ta iya miƙa hannu ta taɓa. Ta zage ta yi girki mai daɗi, irin wanda ba ta taɓa yi ba, don su ci su ƙoshi su tafi kar wani ya leƙa ɗakin ajiya. Ɗaya ya ɗanɗana ya ce gishiri bai ji ba. Ta je ta kawo gishiri. Ya ce mata na gode, Mama.

Ta san a wurin gishirin za a fara jan hanci, aka kuwa fara. Ta san inda za ta dakata, ta san inda muryarta za ta karye, domin takan karye da kanta a wuri ɗaya duk zangon karatu. Ta faɗi labarin nan har ya yi santsi. A da in ta ambaci Wilfrido fuskarsa take gani. Yanzu sau da yawa kalmomin kawai ke zuwa, fuskar kuma sai ta ga dama. Wannan yana ci mata rai fiye da yadda ta taɓa gaya wa kowa. Duk da haka takan zo, saboda Likita ta ce yaran nan wata rana za a tura su ƙauyuka, su tarar da irinta.

Ta kai ƙarshe, inda ta goya Damaris suka bi ta daji har bakin titi. A nan takan yi shiru, Likita ta sunkuyar da kai, a san an gama. Yau ba ta yi shiru ba.

“Akwai saura,” ta ce. “Wannan ba na San Cirilo ba ne, na yanzu ne. Akwai wani abu a cikina, a nan.” Ta ɗora hannu a wurin. “Yana da tauri, yana girma. Ba na iya cin abinci. Ba kaza kaɗai ba, wannan kun sani, yanzu komai ne. Rigar nan an rage ta an sake ragewa. Na je asibiti an ba ni maganin barci. Ina so ɗayanku ya taso ya taɓa nan.”

Babu wanda ya motsa. Yara ne masu biyayya, an gaya musu ba a katsewa, ba a tambaya, ba a taɓawa. Wata yarinya mai kitso da ke zaune daura da ita ta ɗan ɗago hannu daga cinya, ta dubi Likita, ta mayar da shi. Ɗaya daga cikin baƙin ya karkato kai, mai fassara yana yi masa raɗa, sai ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda aka ba shi abin da ya zo nema.

Edelmira ta kama bakin rigar. Ta tuna da Nicolasa. Amma hannun ya ƙi ɗagawa, ga samari, ga baƙi, ga kyandir yana ci kamar a coci.

Likita Yadira ta bar shirun ya yi tsawo yadda ya kamata, sannan ta yi magana cikin murya mai taushi, idonta jike.

“Mun gode, Doña Edelmira. Yau kin ba mu abin da ba ki taɓa ba mu ba.” Ta juya ga ɗaliban. “Kun ji da kunnenku. Abin da muke karantawa ke nan, cewa abin da ya faru da mutum ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake zama ba. Matar da aka tilasta wa girki a ranar, ku duba inda jikinta ya ajiye ciwon, ku duba watan da ya tashi. Kun kuma ji yadda hannunku ya yi ƙaiƙayi ku taɓa, ku gyara. Ku riƙe wannan jin, za mu tattauna shi ranar Alhamis.”

Sai aka yi zagayen da ake rufewa da shi, kowa ya faɗi kalma ɗaya. Jarumta, in ji wani. Zafi. Kunya. Uwa. Edelmira tana zaune tana jin kalmomin suna wucewa ta gabanta. Ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, ko a dajin da ta bi da yarinya a baya. Da aka zo kan mai kitson, ta buɗe baki, ta rufe, ta ce a wuce ta.

Aka kashe kyandir. Ɗalibai suka yi layi a kan kwando, kowa ya ɗauki abin sauraren ƙirjinsa ya rataya a wuya, suka fita suna sunkuya mata kai. Likita ta zo ta ce shugaban makaranta yana jiran baƙin su ci abinci, ba za ta daɗe ba, Doña ta jira ta a tsakar gida.

Ta sauka ta zauna a bencin siminti, gefen da inuwar bishiyar ba ta kai ba, don sanyin ɗakin ya shige ta har ƙashi. Rana ta take. Daga bayan katanga ana gwajin ganguna. Ta jira har inuwar ta zagayo ta same ta, ta matsa ta koma rana. Ta fara tunanin abin da za ta gaya wa Nicolasa.

“Doña, na kawo miki lemo.”

Mai kitson ce, da kofin roba a hannu, ta mayar da farar rigarta.

“Na gode, 'yar nan. Ba zai shiga ba. Yaya sunanki?”

“Yuranis Pertuz. Shekarata ta biyar a makarantar nan.” Ta tsaya tana juya kofin. “Abin da kika ce a ciki... ban san ko yana cikin darasin ba ne. Na ɗauka ko gwada mu ake yi, a ga wanda zai karya doka.”

“An kashe kyandir ai. Dokar ta bi shi.”

Yarinyar ta yi ɗan murmushi, ta ɗago ta dube ta. Murmushin ya tsaya a inda yake. Ta ajiye kofin a kan benci, ta matso.

“Doña, ɗan juyo wajen rana. Kalli sama. Zan iya taɓa fuskarki?”

“Tun safe nake roƙo.”

Ta ja fatar idon ƙasa da babban yatsa, ta duba ɗaya, ta duba ɗayan. Ta ɗauki jakar Edelmira ta rataya, ta kama ta suka shiga wani ɗaki a ƙasan bene inda ɗalibai ke koyon gwaji. Gadaje ne a jere, a kan kowanne da mutum-mutumin roba kwance, baki buɗe. Yuranis ta ɗauke ɗaya ta jingine shi a bango.

“Waɗannan kullum ana taɓa su?” Edelmira ta tambaya tana hawa gadon.

“Kullum. Har faɗa muke yi a kansu.”

“Sun fi ni sa'a.”

Ta kwance maɓallan da kanta. Hannun yarinyar da sanyi. Ta fara daga ƙasa kamar yadda aka koya mata, tana hawa a hankali, tana cewa ja numfashi, saki, ja numfashi. Sai hannun ya ci karo da abin, ya tsaya. Ya zagaya gefensa, ya dawo, ya sake tsayawa.

Wani irin daɗi ya ratsa Edelmira, wanda bai wuce na numfashi ɗaya ba. Ashe dai yana nan, wani ma ya ji shi. Sannan ta ga fuskar yarinyar, sai daɗin ya gudu, tsoro ya zauna a wurinsa.

“Kin ji shi?”

“Na ji, Doña. Kar ki tashi. Bari in kira Likita.” Ta fita da gudu, takalminta na ƙara a baranda.

Edelmira ta kwanta tana kallon sili, ita da mutanen roba. Ba a jima ba Likita Yadira ta shigo da sauri, har da tsumman goge baki a hannu. Ta wuce kai tsaye ta yaye labulen taga, hasken rana ya cika ɗakin. Ta sunkuya a kan idon, ta daɗe. Ta murza tafukanta don su yi ɗumi, ta ɗora a cikin. Shekaru ta yi ba ta yi wannan aikin ba, amma yatsun ba su manta ba. Ta ga sawun farce a fata. Ta lalubi saman ƙashin wuya ta hagu, yatsanta ya tsaya a kan wani ɗan ƙullutu wanda Edelmira ma ba ta san da shi ba. Daga nan ta ja da baya, ta zauna a bakin gadon da ke kusa, a kan ƙafar mutum-mutumin.

“Tun yaushe?”

“Taurin tun Kirsimeti. Nauyin kuwa tun zangon da ya wuce, ranar da na gaya miki a ofis. Kika koya min yadda zan riƙa jan numfashi a hankali.” Ba da gatse ta faɗa ba, amsa aka nema ta bayar. “Na yi ta yi kuwa, Likita. Yana ɗan sa barci.”

Likita ta rufe bakinta da tsumman. Sai ta tashi ta ɗauko waya, ta kira wannan, ta kira wancan, da muryar da Edelmira ba ta san tana da ita ba. Kafin a gama saka maɓallai an samu wurin ɗaukar hoton ciki gobe da safe, an samu na gwajin jini, an samu likitan tiyatar da zai duba. Abin da ya gagara watanni ya yiwu a tsaye. Ta ce ita da kanta za ta zo unguwar da mota ta ɗauke ta.

“Za a iya cirewa?” Edelmira ta tambaya.

“Sai mun ga hoton, Doña.”

Ƙasa take kallo da ta faɗa. Wannan matar da ta yi shekara da shekaru tana koya wa yara su kalli mutum cikin ido, yau tana magana da siminti. Edelmira ta dubi Yuranis, ita ma ta kawar da kai wajen taga. Ba ta sake tambaya ba. Ta sauko da ƙafafunta, ta lalubi takalmi.

“Ki yafe min,” in ji Likita. Hawaye na zuba, ba ta share ba. “Na zauna ina kallon ki sa'a guda. Mu duka mun zauna. Na tsaya a gabansu na fassara musu ke.” Sai abin da ta fi iyawa a duniya ya taso mata, don ba ta san wata hanyar da za ta bi da ciwo ba. “Wannan bai kamata ya tafi a banza ba, Doña. Dole yaran nan su ji abin da ya faru yau. In kin ɗan samu ƙarfi, ko da zango mai zuwa ne, in za ki yarda ki zo ki ba su da bakinki...”

Edelmira ta gama saka maɓallin ƙarshe. Ta dubi matar da ta buɗe mata baki shekarun baya, ba ta ji haushinta ba, gajiya kawai ta ji, mai nauyi.

“A'a, Likita. Na San Cirilo nawa ne, na ba ku har ya ƙare. Wannan naki ne. Ki kunna kyandir ki ba su da kanki.”

Ta ƙi a kai ta gida a mota. Yuranis ta raka ta bakin titi, ta riƙe mata jaka har bas ya zo. An rufe wata hanya saboda masu gwajin rawa, direban ya zagaya ta kasuwa yana zagi yana dariya. Ta yi tunanin kiran Damaris, ta bari sai an ga hoton, don yarinyar tana aiki a tsaye duk yini kuma ba ta da mai rarrashinta a can.

La'asar ta yi lokacin da ta shigo lungunsu. Nicolasa tana bakin ƙofa a kan keken ɗinki, tana haɗa wa wasu yara kayan biki masu ƙyalƙyali. Ta gane tafiyarta tun daga nesa, ta tsayar da ƙafa.

“To? An taɓa ki, ko in saka takalmi in je da kaina?”

“An taɓa. Har mutum biyu.”

“Kin gani? Me suka ce?”

“Gobe za a ɗauki hoto. Likita da kanta za ta zo da mota.”

“Da mota, a lungun nan? Lallai comadre kin zama babbar mace.” Nicolasa ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don ta ji ba a taya ta ba.

Edelmira ta shiga ɗaki, ta sake kaya, ta fito da shuɗiyar rigar a ninke. Ita ce mai kyau a cikin kayanta, kuma a nan kowa da mai kyaunsa ake sa shi a akwatin gawa. Ta ɗora ta a kan keken, bisa ƙyalƙyalin yaran.

“In kin gama na biki, ki yi min wannan. Ɗinki sosai, daidai jikina.”

Nicolasa ta shafa rigar, yatsunta suka sami ninkin da ta yi ta ciki da safe, wanda ta bari don ranar warwarewa.

“Wannan fa?”

“Ki yanke shi, comadre.”